Inda Ruwa Ya Tsaya

Saura kwana uku baƙin su iso mai unguwa Armaya'u ya kira gayya a asibitin Kwarin Ɗunya. Asibitin ɗaki biyu ne da 'yar baranda, ɗaya na duba marasa lafiya, ɗaya na haihuwa. Tun daminar bara waccan akwai wani jan layi da ya zagaye bangonsa ciki da waje, daga layin zuwa ƙasa yaɓen ya ruɓe, ko yatsa aka sa sai ya zubo. Mai unguwa ya ce ba za a tari mutanen Katsina da wannan ƙazanta ba. Badaru magini ya kankare ruɓaɓɓen ya yi sabon yaɓe, maza suka kwashe yashin da ya taru a bayan ginin, mata suka jiƙa farar ƙasa. Mairo ce ta shafe ɗakin haihuwa, ta bi shi har sau biyu, don ita ce mai sharar asibitin, ita ce kuma ungozomar garin.

"Baiwata, a hankali," in ji Badaru daga kan benci. Taubashinta ne, ɗan kawunta, tun suna yara ba ya kiranta da sunanta. "Kin shafa wa bango kin shafa wa goshi. Baƙin nan za su ɗauka amarya munka aje masu."

"Kama aikinka, tsoho," ta ce. Ba ta yi dariya ba, shi ma bai jira ta yi ba.

Kwarin Ɗunya tsakanin rafi biyu yake, a kan iyakar ƙasar Batsari da ta Safana. Da rani rafukan yashi ne zalla, babur da jaki na ratsa su ba tare da an sauka ba. Da marka kuwa sai su cika su haɗe ta gabas, garin ya koma tsibiri, har a kasuwar Zakka ana tsokanar mutanensa da cewa 'yan tsibiri. Da can wuni ɗaya ruwan yake tsare su ya janye. A shekarun nan abin ya sake. Sai a yi shuka ta ƙone, a sake ta ƙone, sa'an nan ruwan wata guda ya sauko cikin kwana biyu. Bara waccan har cikin asibiti ya shiga, ya bar jan layin nan. A ranar ɗiyar Mairo ta fari ta rasu a ɗakin haihuwa. Yanzu Kamila, ɗiyar da ta rage mata, tana da cikin wata biyar, lissafinta ya faɗa tsakiyar marka. A ɗakin nan za ta haihu, don ba su da kowa a Safana da zai riƙe ta wata biyu cikin tsadar nan, hanyar kuma tun da ɓarayin daji suka kwashe shanun garin ba mai bin ta sai dole.

Da aka gama aikin mai unguwa ya tara su a gindin dalbejiya. Ya ce ya ji a bakin wani ɗan acaɓa cewa asibitin da aka iske ya lalace rufe shi za a yi, a ce mutane su riƙa zuwa Zakka.

"Saboda haka in an tambaye ku, ku ce alhamdulillahi," in ji shi. "Ruwa rahama ne, ba a kai ƙararshi. Baƙo kuma ba a tarbarshi da kuka."

Kowa ya ce haka ne. Mairo tana can gefe tana wanke tsumman shafe a roba.

Ranar Laraba da hantsi mota ɗaya ta ratso yashin. Direba ne, da wani jami'in lafiya daga sakatariya, da wata matashiya mai tabarau da aka ce ita ce injiniyar, sunanta Mahfuza. Wata ƙungiya ce ta turo ta ta duba ƙananan asibitocin da ruwa ke cutarwa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da hanya da zafi, aka ce lokacinsa ne. Sa'an nan ta buɗe littafinta.

"Ranka ya daɗe, yaya daminar bara waccan ta kasance muku?"

"Ruwa ya yi gyara, Hajiya. Alhamdulillahi."

"An rubuto mana cewa ya shiga asibiti."

"To, ya ɗan leƙo," in ji mai unguwa. "Da sauƙi."

Ta dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce da sauƙi. Ta shiga ciki da tef ɗinta na awo, ta zagaya ɗakunan, ta shafa bango ta dubi tafin hannunta. Ta ce a cikin duk wuraren da ta je ba ta ga mai tsabtar wannan ba. Mai unguwa ya gyara zaman hularsa, ya dubi Badaru.

Da aka kira azahar maza suka tafi masallaci. Mairo ta kawo wa baƙuwar buta da tabarma a ɗakin haihuwa, ta koma baranda tana jera kwanonin abinci, tuwon dawa da zabo ɗaya da aka yanka. Malam Nu'uman, ma'aikacin lafiyar da mutanen gari ke kira Likita, ya tsaya rufe akwatin rigakafi, sai Mahfuza ta tare shi a bakin ƙofa. Ba su rage murya ba, ba wanda ke rage murya don Mairo.

"Malam Nu'uman, ka gaya mini gaskiya. Asibiti tara aka ba ni. Dukkansu za a yi musu rufin kwano da wutar sola, amma uku kaɗai za a ɗaga wa daɓe a yi musu katangar tare ruwa, waɗanda ruwa ya wuce gwiwa a cikinsu. Jiya inda na je sun rantse mini ya kai wuya, da na duba layin a idon sawu yake. Shi ya sa ofis suka ce ba su karɓar magana, sai hoto da awo. Nan kuma an ce leƙowa ya yi, ga bango fari tas. Me zan rubuta?"

"Wallahi akwai layin," in ji Nu'uman. "Ni bara aka turo ni, na iske shi. Ina Safana karɓo rigakafi aka yi wannan aiki, jiya na dawo na ga wuri yana ƙyalli."

"Ba ka ɗauki hotonsa ba?"

"Kullum ina ganinsa. Ban zaci zai je ko'ina ba."

"Ya kai ina?"

Ya ɗora hannu a bango daidai ƙugunsa, ya ɗan ɗaga, ya sake saukewa. "Kamar nan. Ko dai nan."

"Ka gani," ta ce. "Ƙarfe uku zan tashi, direba ya ce ba ya kai la'asar a hanyar nan. In ban samu abin da zan nuna ba, kwano da sola zan rubuta."

Mairo ta rufe kwanon ƙarshe. Ta dubi hannunta, akwai sauran farar ƙasa a ƙarƙashin farcenta. Ba ta ji komai ba, ko haushin mai unguwa, ko na kanta. Tun ranar can haka take, abu ya zo ya wuce ta kamar a gidan maƙwabta ake yinsa. Abin da ta sani kawai shi ne sau biyu ta bi bangon nan da tsumma, kuma gadon Kamila a kan daɓen nan zai tsaya. Ta sa takalminta ta nufi gida.

Ta iske Kamila a tsakar gida, ta zo yini, tana zaune a kan turmi tana tsinke zogale.

"Inna, har sun tafi? An ce mace ce injiniyar, wai da wando a ƙarƙashin abaya."

"Suna nan."

"Kin ci abinci kuwa?"

Mairo ta wuce ɗaki. Ta sauke kwallaye daga kan akwatin ƙarfe, ta ɗaga zannuwa har ƙasa, ta ciro wata baƙar leda. Hijabi ne a ciki, dogo, fari a da. Daga kai zuwa ƙirji yana nan da farinsa. Daga ƙirji zuwa ƙasa ja ne irin na lakar rafi, ya bushe ya yi tauri a wuraren ninki.

Shi ne a jikinta ranar. Ba a yi ko yayyafi a garin ba, rana tana tsaka, can yamma da garin aka yi ruwan. Yarinyar ta haihu da safe, namiji, jini kuma ya ƙi tsayawa. Likitan wancan lokacin ya sa mata ƙarin ruwa, ya ce a nemo babur zuwa Safana, aka dawo aka ce rafi ya cika. Bayan azahar ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Firji ya kife da allurar da ke ciki. Likitan da Badaru suka ɗora gadon a kan teburi biyu, Badaru ya fita neman mutane, ruwa ya hana shi dawowa. Mairo ta tsaya tsakanin gadon da taga, jariri a kafaɗarta, ledar ƙarin ruwa a ɗaya hannun sama da kanta. Haka ta tsaya har la'asar. Kafin ruwan ya fara janyewa likitan ya ce mata ta sauke hannunta, ba sauran amfani. Ba ta yi kuka ba. Ɗiyar fari ce, uwa ba ta yi mata kuka gaban mutane, kamar yadda ba ta kiran sunanta. Mutane suka yaba haƙurinta. Jaririn ya rayu, dangin ubansa suka tafi da shi Wagini. Hijabin kuwa ta shanya shi ya bushe, ta ninke. Ba ta wanke ba, ba ta kuma taɓa tambayar kanta dalili ba.

Ta cire na jikinta ta zura wannan. Lakar ta riƙa karyewa tana zuba a ƙasa. Da ta fito Kamila ta ajiye tiren zogale.

"Inna. Wannan ba shi ne na ranar..."

"Shi ne."

"Ina za ki da shi?"

"Ki sa wa zogalen nan ruwa, ina zuwa."

Maza sun dawo daga masallaci, suna zaune a kan tabarmi gindin dalbejiya, an buɗe kwanoni. Hanyar shiga asibitin ta gabansu take. Mairo ta durƙusa ta gaishe su kamar kullum.

"Mairo," in ji mai unguwa, a hankali don kada baƙi su ji, ko da yake suna ji. "Wane irin tufa ne wanga gaban baƙi? In babu ne, ki je gidana a ba ki."

"Allah ya ja da ranka, ɗaki zan shiga."

Ta miƙe ta wuce. Mahfuza tana ciki a kan tabarma tana rubutu, ta ɗago. Mairo ta tuɓe takalminta a bakin ƙofa, don ranar ma ba takalmi a ƙafarta, ruwa ya tafi da shi. Ta je tsakanin gado da taga ta jingina bayanta da farin bangon, ta daidaita tsayuwarta.

"Badaru," ta kira.

Ya zo da saurinsa, da miya a hannu. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga hijabin, ya rufe.

"Samo gawayi."

Ya je murhun da aka dafa zabon ya dawo da guntu. Mahfuza ta riga ta miƙe, ta cire tabarau ta mayar.

"Inna, wannan na ruwan ne?"

"Nashi ne, ɗiyata. Nan na tsaya, daga azahar har la'asar. Ban zauna ba, ban sunkuya ba."

"Me ya sa kika tsaya a ciki?"

"Ina riƙe da jinjiri. Da ledar ruwa."

Badaru ya ɗora gawayin a bango daidai inda ja ya haɗu da fari a ƙirjin hijabin.

"A'a, sauko," in ji Mairo. "Yadi na shan ruwa ya hau da shi. Rage yatsa huɗu. Nan ƙarƙashin ƙirji ya tsaya, na san wurin, don in na ja numfashi sai in ji shi."

Ya jera yatsunsa huɗu, ya sauko, ya ja baƙin layi a kan aikin da suka kwana biyu suna yi. Mahfuza ta taka bakin tef da ƙafa ta ja shi sama. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Mita ɗaya da santimita goma. Ba inda ya kai haka a cikin taran." Ta ciro wayarta. "Inna, in ɗauki hoto? Da shi zan yi musu magana."

"Ɗauki hijabin da bangon. Ki bar fuskar."

Mai unguwa yana bakin ƙofa, dattawa a bayansa suna leƙe. Ya yi gyaran murya.

"Hajiya, ke nan ba rufe shi za a yi ba?"

"Wa ya ce za a rufe, ranka ya daɗe?"

Ba zai ce ɗan acaɓa ba. Ya dubi layin gawayin, ya dubi ƙafafunsa.

"To," ya ce. "Gaskiya ya fi leƙowa."

"Kwana biyu ina kankare shi," in ji Badaru, ba da kowa yake ba. "Har fatar hannuna ta tafi. Da na sani da na kwanta na yi barcina, da na fi yi wa garin nan aiki."

Wani dattijo ya yi dariya ya haɗiye ta. Mahfuza ta koma kan littafinta.

"Akwai wurin da ake rubuta ko an rasa rai. An rasa?"

"An rasa," in ji Mairo.

"Wa?"

"Mai haihuwar."

"Sunanta fa, Inna?"

Mairo ta dubi taga. Shekara ashirin da biyu yarinyar ta yi a duniya, ba ta taɓa kiranta da sunan ba, sai ke, sai waccan, sai ɗiyar Sule. Mahfuza 'yar birni ce amma ta gane, ta sunkuyar da kai.

"Ruƙayyatu," in ji Badaru. "Ruƙayyatu Sule. Rubuta."

Ta rubuta. Ƙarfe uku saura kaɗan motar ta ratsa yashin ta tafi. Mairo ta cire hijabin a ɗakin, ta ninke shi a kan tsohon ninkinsa, ta ara mayafi ta koma gida da shi a hammata. Da yamma ta dawo ta share lakar da ta zuba a daɓe.

Sati biyar ba a ji komai ba. Mai unguwa ya daina amsa gaisuwar Mairo da kyau, daga baya ya ci gaba. Sa'an nan tifa ta fara kawo dutse da siminti, da safe kawai, ta juya kafin azahar. Badaru aka ba ginin, tare da wasu magina biyu daga Batsari. Aka cire kwano, aka ƙara wa bango tsawo, aka cike ɗakunan da dutse da jar ƙasa ana dannewa. Mairo tana kawo musu ruwan sha. Ta ga ranar da cikon ya kai layin gawayin, ta ga ranar da ya rufe shi ya wuce da taki guda. Tagar da ta tsaya a gefenta aka toshe aka huda wata a sama.

"Baiwata, kin sa na gina bene da tsufana," in ji Badaru. "Matakala bakwai. Ranar da gwiwarki ta ƙi, kada ki neme ni in goya ki."

"Wa zai hau bayan da ya riga ya lanƙwashe?" ta ce.

Ya tsaya da cokalin gini a hannu yana kallonta, don ya daɗe bai ji ta rama ba. Ita kuwa ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Ba a gama komai ba. Katangar tare ruwa ta tsaya a rabi, batirin sola ɗaya aka kawo maimakon biyu, an ce sauran sai bayan damina. Amma daɓen ya bushe, firji yana kan kanta da aka gina masa, yana ƙara a hankali.

Ruwan shekarar ya yi latti kamar yadda ya saba yanzu. Aka yi shuka sau biyu. Cikin watan takwas ya sauko kwana uku a jere, rafukan suka haɗe. Da safiyar rana ta huɗu naƙuda ta kama Kamila. Mijinta da Badaru suka kawo ta a amalanke, ruwa na dukan cikin taya. Mairo ta riƙe ta suka hau matakalar ɗaya bayan ɗaya, Kamila tana tsayawa a kowace tana cije leɓe.

Wajen azahar ruwa ya shigo harabar asibitin ta inda katangar ba ta kai ba. Mairo ta fito baranda zubar da roba, ta ga ya rufe matakala uku. Da ta sake fitowa ya rufe huɗu, yana lasar ta biyar, ja, da kara da takalmin wani yana juyi a kansa. Ta tsaya tana kallonsa. Ta lissafa a jikinta inda zai kai da a ƙasa take. Sai Nu'uman ya kira ta daga ciki, ta shiga.

Mace aka haifa. Jini ya ɗan zuba fiye da kima, Nu'uman ya buɗe firji ya ɗauko allura da sanyinta ya yi mata, ya rataye ledar ƙarin ruwa a ƙugiyar da aka kafa a bango. Mairo ta miƙa hannu za ta riƙe ledar, ta ga ba a bukata, ta mayar da hannun. Kafin la'asar jinin ya tsaya. Ta wanke jaririyar ta naɗe ta, ta zauna a bakin gado. Ƙafafunta a bushe suke.

Kamila ta buɗe ido, muryarta a dashe.

"Inna, mun yi magana da babanta. In mace ce, sunan Yaya za a sa mata."

Mairo ta dubi fuskar jaririyar, ta gyara mata zanen a wuya. A waje Badaru yana zaune a saman matakala, ya naɗe wando, yana gaya wa mijin Kamila cewa ruwan ya fara ja, ta huɗu ta fito.

"To," ta ce. "Sai ku nemo mata wani da zan riƙa kira."